Ranar da Motar Madugu Tanko Ta Daina Kuka

Ku yaran gareji na yanzu kuna cewa a duk aikin mota babu mai sauƙi kamar na birki. Na ji wannan magana da kunnena a Kaduna, daga bakin wani saurayi da ya zaro sababbin takalman birki daga kwali, ya ɗaura, ya wanke hannu, shayinsa bai ko huce ba. Ban yi masa musu ba. Wanda ya tarar da rijiya a gine, guga kawai ya sani. Amma tunda kun matsa in faɗi yadda muka yi sana'ar a zamanin Turawa, bari in ɗauki aiki guda in bi shi har ƙarshe.

Garba Fita ake ce mini a tashoshi, fita kuwa shi ne sunan makanike a lokacin. A Tsohon Birnin Gwari aka haife ni, sai dai ƙafata ba ta taɓa yarda da gari ɗaya ba. Tun ban yi gemu ba na bi fataken goro har Kumasi, suka komo, ni na maƙale a garejin wani Bayarabe. Daga can sai Ikko, daga Ikko sai Yamai da Damagaram, sannan Jos wajen masu haƙar kuza. Ko'ina na zauna sai na tsinci harshen wurin, don mota ba ta faɗin ciwonta, direba ke faɗa, shi ma rabi yake faɗa maka. Sauran rabin sai in kana jin abin da yake gunaguni da yaren uwarsa.

Aikin farko da maigidana na Kumasi ya sakar mini, bayan na daɗe ina wankin ƙarafa da kananzir har tafin hannuna ya saɓule, shi ne dasa fatar birki. Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, a bayan kowace taya akwai wani ƙarfe mai kama da akushi, muna ce masa ganga, tare da tayar yake juyawa. Cikin gangar akwai takalma biyu masu lanƙwasa, an lulluɓe bayan kowanne da wata fata mai kauri da kaushi. In direba ya taka birki sai takalman su buɗe, fatar ta ciji ganga, mota ta tsaya. Fatar nan ita ke cinyewa. Ku in ta cinye sai ku yar da takalmin ɗungurungum. Mu kuwa sai mu ɓamɓare tsohuwar, mu yanko sabuwa daga naɗi, mu huda ta, mu ƙwaƙule bakin kowace huda yadda kan ƙusa zai nutse, mu dasa ƙusoshin tagulla daga tsakiya zuwa gefe. In kan ƙusa ɗaya ya leƙo zai yi wa ganga zane, maigida kuma ya yi wa bayanka irinsa. Kafin ka taɓa sabuwar fata sai ya shinshina hannunka. In ya ji ƙanshin girisi, ko na ƙosan da ka ci da safe, ka koma wajen sabulu. Ko'ina a jikin mota mai abinci ne, ban da cikin ganga. Nan guba ne.

Direbobi kuwa kowace ƙasa da irin nata. Na Kumasi hon ya ɗauka birki, sai ya yi ta dannawa har mutane su watse. Na ƙasar Faransa, tsakanin Yamai da Damagaram, yakan daɗe bai tuna da birki ba, ƙasar a shimfiɗe take, in ya ɗaga ƙafa daga totur yashi ya tsayar masa. A Jos, inda hanya ke saukowa daga kan dutse kamar igiyar da aka yar, direba kan gaida fita kafin ya gaida mai tuwo. Hanyarmu ta Birnin Gwari ita ce mayaudariya. Ka yi ta tafiya cikin daji a miƙe har barci ya fara fizgarka, sai kawai ƙasa ta karye a gabanka, ga rafi can ƙasa, ga gadar katako mai faɗin mota ɗaya.

Shekarar wahala ta zo ne da babban yaƙin Turawa ya yi tsanani, jiragen ruwa suka daina kawo kayan mota. Taya ta zama abin gado. Na ga direba a Jos yana cusa wa tasa ciyawa. Fatar birki kuwa ta ɓace ɓat. Garejin da nake ya rufe, na ɗaure kayan aikina na komo gida, na kafa a gindin wata tsamiya kusa da tasha, ina cewa kafin damina zan ƙara gaba. Na gwada kirgin sa, ya ƙone tun gangaren farko, warinsa ya kori fasinja. Na gwada tsohuwar taya, ta narke ta manne wa ganga. Abin da ya karɓa shi ne tsohon bel na injin gurzar auduga na Funtuwa, saƙar zare mai kauri kamar tafin ƙafar ɗan daji. Wani maƙeri ya riƙa yanka mini ƙusoshi daga wayar tagulla. Bel ɗin yana riƙe mota sosai. Aibinsa ɗaya, yana kuka. In direba ya taka, sai ka ji wata ƙara doguwa mai sa haƙora tsami.

Motar da na fara yi wa ƙafafu huɗu da wannan bel ita ce ta Madugu Tanko. Tsohon madugun fatake ne, ya taka hanyar Gwanja da ƙafarsa har sawunsa ya san ta. Da ya ga mota na cinye kasuwar jakuna sai ya sayar da nasa kaf, ya sayi wata tsohuwar mota mai bodin katako, ya ɗauki direba, wani Bayarabe mai suna Lamidi, mutumin Ogbomosho. Kada ku ɗauka Madugu wawa ne. Ban taɓa ganin wanda ya iya raba nauyin kaya a mota kamarsa ba, daga Kumasi har Jos. Sai dai bai taɓa yarda cewa ƙarfe ya saya ba. Kullum da safe sai ya zagaya ta, ya shafa nan, ya bubbuga can, ya tambayi Lamidi ko ta sha ruwa. In rana ta yi zafi ya rufa mata tabarma a kai.

Ranar da ta fara shigowa tasha da sababbin takalma, Lamidi ya taka birki, ƙarar ta tashi kaji daga kan rumfuna. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Madugu, an ce ka sayar da jakuna, ashe uwarsu ka sayo!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Daga ranar ba a ƙara kiran motar da wani suna ba sai Jakar Madugu.

Ya same ni a gindin tsamiya, bai ko zauna ba.

"Fita, me ka yi wa dabbar nan?"

"Takalma na sake mata, Baba Madugu."

"Takalmin da ke sa mai shi kuka ai matsi yake yi."

"Matsin ake so, ranka ya daɗe. In kun ji kukan nan, riƙewa take yi."

"Ɗan nan, na bi dabba tun uwarka na goyo. Ban taɓa jin wadda ke kuka don daɗi ba. Na ga kana ɗura mata mai a gaɓoɓi, a wuya, a ƙarƙashin ciki. Inda ke ciwon ne ka yi wa rowa?"

Na ɗauko tsohon takalmi na nuna masa, na ce nan wurin in mai ya shiga mota ba za ta tsaya ba sai inda Allah ya tsayar da ita. Ya juya takalmin a hannunsa, ya miƙo mini, ya ce, "To." Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe irin "to" ɗin da madugu ke ce wa mai karɓar kuɗin fito ne, alhali ya riga ya san wani mashigin.

Lokacin sanyi ne, an gama tsinkar auduga. Wata safiya na iso tasha na tarar motar ta riga ta tashi zuwa Funtuwa, an danƙara mata buhunan auduga, mutane kuma sun hau bisa kayan, maza da mata masu goyo. Mai goron tasha ya tare ni yana dariya.

"Fita, an ƙwace maka sana'a. Yau Jakar Madugu ta fita shiru, ko tari ba ta yi ba."

Na je inda ta kwana. A wurin kowace ƙafa akwai wani farin ɗigo da ya daskare a ƙasa, kiyashi sun yi masa baƙi. Kiyashi ba sa bin girisi. Na lakato na shinshina. Man kaɗanya ne.

"Wa ya taɓa motar nan?"

"Mai ita mana. Jiya da yamma ya narkar da ƙwarya guda, ya ɗura mata da ƙahon sa ta 'yar ƙofar da kake zura sifana, kamar yadda ake ba jaki magani. Har ƙafa huɗun. Ya ce kada a gaya maka, wai kishi za ka yi."

A ƙasarmu duk abin da ya yi ƙara ko ya tsage, man kaɗanya ake shafa masa, ko ƙyauren ɗaki ne, ko kaushin ƙafa, ko gyambon bayan jaki. A Kumasi da manja zai yi, a Damagaram da man shanu. Amma man kaɗanya ya fi su sharri a wannan wuri, don daskarewa yake yi. Da manja ne, tun a bakin tasha Lamidi zai taka ya ji babu komai. Wannan kuwa ya kwana cikin sanyi ya zama curi a gindin ganga. Mota za ta tashi tana tsayawa daidai. Sai ganga ta ɗauki zafi zai narke ya bi fata ya jiƙa ta. A hanyar kuma akwai wurin da mu dai Gangare muke ce masa, doguwar sauka mai kwana a tsakiya, kwari a hannun dama, gada a ƙasa, duwatsu a ƙarƙashin gadar. Can ne Lamidi zai nemi birki da gaske, da mutane cike a bisa.

Babu wata mota a gari. Na fizgi keken wani tela, na ɗaure sifanu da guduma da filaya da magagari a baya, na ce ya yi haƙuri in na dawo ma yi magana. Abin da ke gare ni shi ne hanyar mota zagaye take yi ta bayan tudu, Madugu kuma ba ya wuce ƙauye bai tsaya ya ɗauki buhu ko ya gaisa ba. Burtalin shanu kuwa ratsa dajin yake yi kai tsaye.

Ban taɓa tuƙa keke a irin wannan wuri ba. Sawun shanu na damina ya bushe ya zama ramuka, ciyawa ta fi ni tsawo, ƙudan tsando na bina. Inda burtalin ya rabu biyu na tarar da wani makiyayi jingine da sanda. Na tambaye shi da Fulatanci ko ya ji mota. Ya ce ya ji ta tsaya a ƙauyen baya, ya nuna mini hannun hagu da sandarsa, ya dubi keken ya ce wannan dabbar ba ta bin nan. Na ce yau za ta koya. Ban yi nisa ba ƙaya ta fasa tayar gaba. Na ci gaba a kan ƙarfe. Inda yashi ya hana, na saɓa keken a kafaɗa na yi gudu. Can sai na fara jin gurnanin inji ta hannun dama, wani lokaci a gabana, wani lokaci kamar a bayana, daji na wasa da sauti. Duk sanda ya yi shiru sai in tsaya in kasa kunne, ko tsayawa ta yi, ko wani abu ne.

Na faɗo kan hanya a 'yar unguwar ƙarshe kafin Gangare, inda motoci kan sha ruwa. Motar na tsaye bakin rijiya, Lamidi na rufe murfin lagireto, Madugu ya riga ya sa ƙafa ɗaya a matakala. Lamidi ya dube ni, rigata a yage, ƙafafuna duk jini.

"Oga Fita! Wa ya mutu?"

"Babu tukuna. Yaya birkinka?"

"Lafiya lau. Shiru kamar masallaci. Amma tun ƙauyen baya sai na taka biyu kafin ya ji."

Na durƙusa na zura hannu ƙarƙashin gangar baya. Zafi rau, mai na ɗiga ta gefe. Na nuna masa tafina yana ƙyalli. Ya shinshina, ya ɗora hannu biyu a ka, ya faɗi wata magana da Yarbanci wadda na ji amma ba zan maimaita ba.

Madugu ya sauko. "Ni na sa. Tun safe ka ji ta yi kuka? Ka bar aikinka ka biyo mu daji don ta warke a hannun wani?"

"Baba Madugu, motar nan ba za ta sauka Gangare da mutanen nan ba."

"Audugar nan ta talakawa ce, amana suka ba ni, na ce musu yau za ta hau sikeli. Ban taɓa cewa ayari zai kwana a zango kaza ya kwana a wani ba. Lamidi, tayar da ita."

Lamidi bai motsa ba. Daga bisa kaya mutane suka fara magana, wasu na cewa a tafi rana na yi, wasu na tambayar abin da ya faru. Na ga in muka tsaya cacar baki tsohon nan zai kayar da ni, don bakinsa ya ci sarakunan hanya da yawa. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ba a sayen jaki sai an ga tafiyarsa. Ga fili a miƙe. Mutane su sauko su miƙe ƙafa. Ku kafa sandarku inda kuke so ta tsaya. In ta tsaya, in hau keken mutane in koma, in kuma ba ku haƙuri a tsakiyar kasuwa."

Wannan ta yi masa. Ya taka da kansa ya kafa sandar a bakin hanya, ya tsaya kusa da ita ya harɗe hannu a baya. Lamidi ya ja da baya, ya taho da gudu kaɗan, irin wanda ko keke zai iya bi. Daidai sandar na ga ya miƙe tsaye a kan birki. Motar ta wuce Madugu shiru, ta wuce rijiya, ta wuce bukkar ƙarshe, ta sauka hanya ta shiga wata gonar dawa da aka girbe, ta yi ta hawa kunya tana sauka har kunyoyin suka gaji da ita suka tsayar.

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata ta kwance goyonta ta rungume a gaba. Madugu ya daɗe yana duban sawun tayar. Sannan ya zare sandarsa, ya juyo, ya yi magana da wata murya da ban san yana da ita ba, muryar da ta saba ratsa ayari daga kai zuwa wutsiya.

"A sauke!"

Nan nawa tashin hankalin ya fara. Na ɗaga motar da jak ƙafa bayan ƙafa, na cire gangunan, na tarar takalma duka sun sha mai sun yi baƙi. Ba ni da ko taƙi ɗaya na bel, sauran yana Funtuwa, Funtuwa kuma tana bayan Gangare. Da fatar birki ta Turawa ce sai in gasa ta a wuta man ya fito, na sha yin haka a Ikko. Wannan auduga ce, wuta za ta cinye ta. Fetur ɗin Lamidi a kan awo yake, da ƙyar zai kai su, kuma ko na samu, tura man zai yi can ciki. Na jera takalman a kan buhu ina zagaya su, in tsuguna in tashi.

Cikin fasinja akwai wata tsohuwa, Goggo Kande, mai kai sabulun salo kasuwa. Ta matso tana tauna goro.

"Kai ɗan nan, ka ishe mu da zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. Man kaɗe ne fa, ba aljani ba."

"Goggo, ya shiga cikin saƙar, ba ya wankuwa."

"Wa ya ce a wanke? Dafawa ake yi. Duk yawon duniyar da aka ce ka yi, ba ka taɓa tsayawa bayan ɗakin uwarka ka ga ana sabulu ba? In man kaɗe ya gamu da ruwan toka a kan wuta, ai ya tashi daga mai."

Ta shiga unguwar, ba a jima ba ta fito da mata a bayanta, wannan da tulun ruwan toka na karan dawa, waccan da babbar tukunyar dahuwar biki. Aka haɗa murhu a bakin hanya. Muka zuba takalman birki a tukunya. Matan suka riƙa leƙawa suna tambayar ko a kawo daddawa, wata ta ce ita dai a ajiye mata romon. Da ya tafasa sai kumfa mai ruwan ƙasa ta taso, Goggo Kande na kwashewa da ludayi. In ruwan ya mutu ta zubar ta sake sabo, tana ɗanɗana shi a bakin harshe kafin ta zuba. Ni da Lamidi muka kama gangunan muna dirza su da toka mai zafi da yashi, har suka daina santsi suka fara kama yatsa. Da ta ce ya isa, muka ɗauraye takalman da ruwan zafi, muka shanya a kan falalen dutse, muka ƙarasa busar da su nesa kaɗan da garwashi, ina juya su kamar mai gashin masara. Sannan na bi fuskar kowanne da magagari don kaushin ya dawo.

Na ƙafafu uku sun fito fari-fari. Na ƙafar baya ta hagu, inda tsohon ya fi sakin hannu, sun ƙi. Ka matsa da farce sai ka ga danshi ya biyo. Na mayar da komai na ɗaure, na je na gaya wa Madugu yadda abin yake, cewa ƙafa uku za su riƙe, ta huɗun ban ɗaukar mata alkawari ba, kuma motar da ƙafarta ta hagu ba ta kamawa, dama take ja, wajen kwari.

Ya ce, "To, mashigi ne. Yadda ake ƙetare mashigi za a yi." Duk lokacin da muke dahuwa shi bai zauna ba. Ya riga ya raba mazan kashi-kashi, sun gangara da buhunan audugar a ka har ƙetaren gada, sun tsiba su can. Mata da tsofaffi suka bi su a ƙasa. Saura mota wayam, da mu uku.

Akwai wani guntun katako mai kai kamar gatari, weji, wanda ake cusawa ƙarƙashin taya don kada mota ta gangara. Aikin mafi ƙanƙanta a mota ne. Tun da aka ɗauki yaron motar da ke yi masu shi aka kai soja, duk fasinjan da ke kusa shi ke sawa. Maza biyu suka dawo daga gada don su riƙe, Madugu ya hana su. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a bodi, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki wejin.

Lamidi ya ce, "Baba, ku bari, wannan ba aikin mai mota ba ne."

"Wanda ya ɗaure kaya shi ke riƙe igiya a mashigi. Shiga ka tuƙa."

Bayan la'asar muka kama sauka. Lamidi a sitiyari, ya sa giya ta ɗaya, ni a gefensa hannuna biyu a kan birkin hannu, Madugu a ƙasa yana bin tayar baya ta dama, tsakaninta da bakin kwari. Lamidi ya taɓa birki, ƙarar ta tashi, ba cikakkiya ba, amma ta tashi. Daga ƙetare muka ji mutane sun ɗauki sowa. Muka yi ta tsiyaya a hankali, inji na riƙe rabi, birki na riƙe rabi.

A tsakiyar kwanar giya ta fita. Tsohuwar mota ce, ta saba yin haka, amma ba ta taɓa zaɓen wuri irin wannan ba. Inji ya saki, motar ta yi gaba. Lamidi ya miƙe a kan birki yana kiran sunan Allah da harshe biyu, na ja birkin hannu har na ji kafaɗata ta yi ƙara. Gudun ya ragu, ya koma kamar tafiyar mutum, amma ta ƙi tsayawa, hancinta kuma na karkata dama duk yadda Lamidi ya murɗa. Ta tagar ina ganin kan itatuwan da ke cikin kwari. Na leƙa baya. Madugu ya jefa weji, taya ta hau shi ta tsallake. Tsohon ya sunkuya ya wawuro shi, ya ruga ya sha gaban tayar, ya durƙusa a kan tsakuwa, wannan karon bai jefa ba. Da hannu biyu ya cusa shi, ya danne. Tayar ta hau rabi, ta yi ƙugi, bodin ya girgiza, ta koma baya ta zauna.

Lamidi ya lallaɓa giyar ta shiga, na riƙe masa sandarta da gwiwa don kada ta sake fita. Daga nan kamu-kamu muka sauka. Mu saki kaɗan, Madugu ya sa weji, mu saki kaɗan, ya sa, yana yi wa motar magana ƙasa-ƙasa irin wadda ake yi wa dabba a cikin ruwa. Haka har katakon gada ya yi ƙara a ƙarƙashinmu, muka hau ƙetare.

Na sauko na zagaya. Yana zaune a kan wejin, numfashi na fita da ƙyar, ya naɗe hannun hagu da hularsa, jini ya rine ta. Katakon ya murƙushe masa ɗan ƙaramin yatsa, bai kuwa ƙara lanƙwasuwa ba har ya bar duniya. Mutane suka taru a kansa ana sannu, ya kore su da ɗaya hannun, ya ce a fara loda kaya, manyan buhuna a gaba. Sannan ya yafito ni.

"Fita."

"Ranka ya daɗe."

"Na kasa kunne tun daga sama. Uku na ji. Wace ce ba ta kuka?"

"Ta baya ta hagu."

"To in mun isa Funtuwa, kada ka kwanta sai ta yi."